Kallon Tsuntsaye a Gonar da Ta Bar wa Namun Daji Wuri: Tambayoyi da Amsoshi

Kusan rabin ƙasar da ɗan Adam ke iya rayuwa a kanta a duniya noma da kiwo ne suka cinye ta. Don haka tsuntsaye da yawa ba su da wani dajin da ya wuce gona, a nan suke ci, a nan suke ƙyanƙyasa. Ga tambayoyin da masu sha'awar kallonsu suka fi yi, da wasu da manoma kan jefo.

Wace irin gona ce ake cewa tana kyautata wa namun daji?

Gona ce da ake nomawa don a ci a sayar, ba gandun daji ba. Bambancinta da sauran shi ne mai ita ya bar wasu wurare da gangan: shinge mai kauri na ƙaya da itatuwa, ɗan zirin ciyawa a gefen shuka wanda feshi ba ya kaiwa, kududdufin da ba a cike ba, tsohuwar bishiya mai kogo wadda wani zai ce a sare a huta. Bayan girbi kuma ba a saurin kifar da ƙasa ko cinna wa kara wuta.

Masu nazarin tsuntsayen gona sun taƙaita buƙatarsu a abu uku. Wurin sheƙa da ba za a tarwatsa ba, ƙwarin da za a ciyar da 'ya'ya, da tsabar da za a tsinta a lokacin da abinci ya yi wuya. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Gonar da ta cika da akwatunan sheƙa amma babu ƙwaro ko ɗaya a cikinta, ado kawai aka yi.

Da gaske ne tsuntsayen gona na raguwa, ko kuwa hayaniyar masu kare muhalli ce?

Suna raguwa, kuma an ƙirga. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya tattara ƙidayar ƙasashen Turai 28, ya nuna tsuntsayen gona sun ragu da kashi 57 cikin ɗari tsakanin 1980 da 2016, ya kuma ɗora mafi yawan laifin a kan yawan maganin feshi da takin zamani. A Amurka da Kanada, binciken 2019 ya gano an yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun 1970, kuma na filayen ciyawa ne suka fi shan kashi, fiye da rabinsu sun tafi. A Birtaniya, wata kurciya mai ƙaura zuwa yankin Sahel a lokacin sanyi ta ragu da sama da kashi 95 cikin ɗari tun 1970.

Maganin ƙwari ne ke kashe su?

Wani lokaci kai tsaye, amma galibi ta bayan gida.

Kisan kai tsaye shi aka fara ganewa. Wani maganin ƙwari mai suna DDT ya riƙa taruwa a jikin shaho da gaggafa har ɓawon ƙwansu ya yi laushi, uwa ta kwanta a kai ya fashe. Littafin da masaniyar halittu 'yar Amurka Rachel Carson ta fitar a 1962 ya tayar da ƙura a kan irin waɗannan magunguna, Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972. A Indiya kuwa ba ma maganin feshi ba ne. Allurar kashe zafi ce da ake yi wa shanu, diclofenac. Ungulu ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta ta lalace, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Daga farkon shekarun 1990 wasu nau'o'in ungulu uku suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006.

Ta bayan gidan ita ce yunwa, kuma ita ta fi ɓarna domin ba ta barin gawar da za a nuna wa mutane. Ɗauki makwarwar Turai. Babbar tana cin tsaba da ganye, amma 'yan tsakinta a makonni biyu zuwa uku na farko ƙwari suke buƙata, tsutsa da ƙananan buzuzu da makamantansu. Maganin ciyawa ya kashe ciyayin da ƙwarin ke rayuwa a kai, maganin ƙwari ya ƙarasa saura. Uwa ta ƙyanƙyashe goma sha biyar, ta zaga da su cikin alkama mai tsabta kamar an share, cikin mako biyu su koma biyu ko uku. Manomi bai ga komai ba, sai dai shekara ta zagayo ya lura kukan makwarwa ya yi ƙaranci. Haka wani bincike a Holan a 2014 ya gano cewa inda maganin ƙwari mai suna imidacloprid ya yi yawa a ruwa, tsuntsaye masu cin ƙwari na raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin ɗari kowace shekara. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan uwansa biyu a fili a 2018.

In na shiga gona, ina zan nufa?

Gefe. Tsakiyar shuka iri ɗaya ita ce mafi ƙarancin tsuntsu a kowace gona. Nemi inda abu biyu suka haɗu: shinge da shuka, ruwa da ciyawa, makiyaya da itatuwa, juji da bayan garke. A irin wuraren nan tsuntsu ke samun abinci da mafaka a tsalle ɗaya.

Ka sa rana a bayanka, in ba haka ba duk tsuntsun da ka gani baƙin inuwa ne. Ka jingina da bishiya ko shinge don kada siffarka ta fito a sarari, sa'an nan ka zauna. Mintuna goma na farko shiru za ka ji, domin zuwanka ya kore su. Daga baya sai wani ƙarami ya leƙo daga cikin ƙaya, ya sauka ƙasa, ya tsinci tsaba biyu, ya koma. Da sauran suka ga bai gamu da komai ba, sai su biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna rabin awa a gindin shinge guda ya kan ga fiye da wanda ya zaga gonar duka a ƙafa.

Kada ka manta da sama da kuma wayoyi. Turakun shinge da wayar lantarki wurin zaman masu farauta ne, suna dakon fara ko ƙadangare. In garma na aiki, bi ta da ido daga nesa, domin ƙasar da aka kifar tana fito da tana da gwazarma, tsuntsaye kuma sun san haka. Garken shanu ma haka, balbela na biye da ƙafafunsu tana cafke abin da suka tayar, tsattsewa na shawagi a kansu tana kama ƙuda.

Wane lokaci ya fi?

Daga fitowar alfijir zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Da tsakar rana mai zafi bakin ruwa kawai ke da motsi. Iska mai ƙarfi ta fi yayyafi ɓata kallo. A shekara kuwa, lokacin sheƙa shi ne na kuka da kyan gashi, bayan girbi shi ne na manyan garkuna a kan kara, sai lokutan ƙaura biyu da baƙi ke yada zango.

Sai na sayi madubin hangen nesa?

Ba dole ba ne a farko, ido da kunne sun isa a soma. In za ka saya, duba lambobin da ke jikinsa. 8x42 na nufin yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Wannan shi ne wanda ya fi dacewa da yawancin mutane. Masu sau 12 ko 16 suna burge sabon shiga, amma rawar hannu ma sau 12 ko 16 take ƙaruwa, filin da kake gani kuma ya tsuke har tsuntsu ya tashi ba ka same shi ba.

Dabarar riƙe shi ɗaya ce: kada ka ɗauke ido daga tsuntsun. Kafe shi da ido, ka ɗago madubin zuwa fuskarka. Wanda ya sunkuya ya dubi madubin tukuna, sai ya ɗago ya tarar da ganye kawai. Tufafi masu duhu ko ruwan ƙasa sun fi fari tas, takalmi kuma ya zama rufaffe.

Duk ƙananan nan iri ɗaya nake ganinsu. Yaya ake bambancewa?

Launi shi ne abu na ƙarshe da za ka dogara da shi, domin haske na canza shi, mace da namiji kan bambanta, wasu ma suna sauya gashi da lokaci. Fara da girma, kana gwada shi da wanda ka sani: ya kai kurciya, ko bai kai ba? Daga nan sai baki. Gajere mai kauri na fasa tsaba ne, siriri mai tsini na tsintar ƙwari, lanƙwasasshe mai ƙugiya na yagar nama, dogo na caka laka. Bakin kaɗai ya gaya maka abin da ya kawo tsuntsun gonar, ya kuma gaya maka abin da gonar ke da shi.

Sai hali. Tafiya yake yi ko tsalle? Yana kaɗa wutsiya? Shi kaɗai ne ko cikin garke? Tashinsa a miƙe ne ko yana hawa yana sauka? Rubuta abin da ka gani nan take kafin ka buɗe littafi, domin da zarar ka ga hoto, zuciya za ta fara ƙara wa tsuntsun abin da ba shi da shi. Nau'o'in tsuntsaye a duniya sun kai kimanin 11,000, amma wanda ya san guda ashirin na gonar da yake zuwa sani na gaske, shi ne zai gane baƙo ranar da ya sauka.

Manhajojin waya fa?

Suna taimakawa. Merlin, ta sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell a Amurka, tana gane tsuntsu daga hoto, tun 2021 kuma tana gane shi daga kuka, sai dai ƙwarewarta ta fi ƙarfi a yankunan da aka tara rikodin da yawa. Ɗauki abin da ta faɗa a matsayin shawara har sai idonka ya tabbatar.

Abin da ba na goyon baya shi ne kunna kukan tsuntsu a lasifika don a jawo shi. Namijin da ke tsaron yankinsa ji yake kishiya ta shigo, sai ya bar ciyar da 'ya'ya ya fito neman faɗa da abin da babu shi. Hoto ɗaya bai kai wannan ba, balle a wurin da mutane da yawa ke zuwa kowa na kunnawa.

Sai na nemi izini? Ai kallo kawai zan yi.

Sai ka nema. Dokar shiga filin wani ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko inda doka ta ba da hanya, gona wurin aiki ce kuma dukiyar wani. Tambayi mai ita inda za ka bi da inda aka yi feshi kwanan nan. Bi hanya ko gefen kunya, kada ka ratsa shuka. Ƙofar da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta, wataƙila an buɗe ne don dabbobi su kai ga ruwa. Kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Kare, in da shi, ya zauna a igiya, domin masu sheƙa a ƙasa ba su da maganinsa.

In ka gama, ka gaya wa manomin abin da ka gani. Sau da yawa shi ma zai gaya maka abin da ba ka gani ba, tunda shi kullum yana wurin.

Na ga sheƙa, ko ɗan tsuntsu a ƙasa. Me zan yi?

Sheƙa dai a kalle ta daga nesa, a wuce. Tsayuwarka na hana iyaye kawo abinci, sawunka kuma na nuna wa hankaka da muzuru hanya. In ka ga tsuntsu na jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, sau da yawa lafiyarsa lau, janye ka yake yi daga ƙwansa. Ja da baya ta inda ka fito, kana duban inda kake taka.

Ɗan tsuntsun da gashi ya rufe shi, yana tsalle, iyayensa na kusa, bar shi. Wanda yake tsirara ko da ɗan gashi kaɗan, in ka ga sheƙarsa, mayar da shi. Maganar cewa uwa za ta ƙi shi saboda warin hannu ba ta da tushe.

Murar tsuntsaye ba abin tsoro ba ce?

Abin kiyayewa ce, musamman nau'in H5N1 da ya bazu a nahiyoyi da dama a 'yan shekarun nan, har aka same shi a shanun madara a Amurka a 2024. Kada ka taɓa mataccen tsuntsu ko mara lafiya da hannu. In ka ga matattu da yawa wuri guda, sanar da mai gona da hukumar lafiyar dabbobi. Kashin tsuntsu na manne wa takalmi, don haka wanda ya fito daga bakin tafki kada ya doshi ɗakin kaji sai ya wanke takalminsa.

Ni manomi ne. Tsuntsayen nan hatsina suke ci. Don me zan jawo su?

Tambayar gaskiya ce, kuma duk mai kallon tsuntsun da ya raina ta bai taɓa tsaron gona ba. Jan baki, wanda ake ƙiyasta yawansa da kimanin biliyan ɗaya da rabi a Afirka, na iya sauka a gonar ƙaramin manomi ya gama da ita a 'yan kwanaki. Agwagin daji da dinya na kiwo a sabuwar shuka. Masu lambun inabi da 'ya'yan itace su ma suna da nasu kukan.

Sai dai a yi lissafin duka. A 1958 ƙasar Sin ta ƙaddamar da yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, ƙuda, sauro da gwara. Jama'a suka fito da tukwane da ganguna suna kaɗawa har tsuntsayen suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa ƙwai, aka rusa sheƙuna. An manta cewa gwara da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da sauran ƙwari suka samu sarari, suka ƙara wa yunwar da ta riga ta kunno kai saboda wasu dalilai. A 1960 aka cire gwara daga jerin, aka sa kuɗin cizo a madadinta.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Mujiya ma'aurata da 'ya'yansu na cin dubban ɓeraye a shekara. Da kunne take farauta, ko a duhun da ido ba ya gani. Manoma a Isra'ila sun fara kafa mata akwatunan sheƙa a 1983, daga baya aikin ya haɗa da manoman Jodan da Falasɗinu, haka ma gonakin kwakwar manja a Malesiya suna amfani da ita. Mai son ganin shaida ya duba ƙasan inda take kwana. Zai ga wasu dunƙulallun baƙaƙen abubuwa da take amayarwa, in ya fasa ɗaya da tsinke zai tarar da gashi da ƙananan ƙasusuwa, har da ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Sharaɗi ɗaya ne: ba a haɗa mujiya da gubar ɓera, domin ɓeran da ya ci guba shi ne mafi sauƙin kamu, gubar kuma ta wuce cikin mujiyar.

A gonakin kofi na Kosta Rika, binciken 2013 ya nuna tsuntsaye na rage ƙwaron da ke huda 'ya'yan kofi da kusan rabi, kuma gonakin da suka bar guntayen daji su suka fi morewa. Wannan ba ya nufin tsuntsu zai maye gurbin duk wani magani. Yana nufin yawancin nau'o'in da ke gonarka ba su taɓa hatsinka ba, kuma 'yan kaɗan da ke yi ana iya maganinsu da raga, da tsaro, da daidaita lokacin shuka da na maƙwabta.

Akwai inda aka gwada aka ga sakamako?

Akwai. A 2000 ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta sayi gona mai hekta 181 kusa da Kembirij, ta ci gaba da noman alkama don riba kamar kowa, tana gwada ƙananan sauye-sauye. Ɗaya daga ciki ya ba ni sha'awa don sauƙinsa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke sheƙa a cikin alkama, wanda alkamar zamani ta yi wa kauri har ba ya samun wurin sauka. Sai mai tarakta ya riƙa ɗage injin shuka na ɗan lokaci, ya bar fili kamar mita 4 a kan mita 4 babu iri, guda biyu a kowace hekta. Hatsin da aka rasa bai taka kara ya karya ba, tsuntsun kuwa ya ninka fiye da sau uku a gonar cikin kimanin shekara goma.

A garin Toyooka na Japan, farar shamuwar gabas ta ƙare a daji a 1971. An rene ta a keji aka sake sakin ta a 2005, amma sai da manoman shinkafa suka canza hali kafin ta zauna: suka rage magani, suka bar ruwa a fadama da hunturu, suka jinkirta janye ruwa na tsakiyar damina har talibambam ya zama kwaɗo, abincin shamuwar. Shinkafar da aka noma haka tana da tambarinta, kuma ta fi tsada a kasuwa. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, tun 2014 ake biyan manoman shinkafa su malala ruwa kaɗan a filayensu na 'yan makonni, daidai lokacin da tsuntsayen bakin ruwa ke wucewa. Da me aka san makonnin da wuraren? Da rahotannin masu kallon tsuntsaye.

To rubuce-rubucen da nake yi suna da wani amfani ke nan?

Suna da shi in an yi su da tsari. Rubuta rana, lokaci, wuri, tsawon zaman da ka yi, da duk nau'in da ka gane tare da adadinsa, har da na kullum da kake ganin ba su da daraja. Koma wuri guda a lokaci guda, shekara bayan shekara. Shafin eBird, wanda aka buɗe a 2002, yana karɓar irin wannan daga ko'ina a duniya. A Birtaniya manoma da kansu suna ƙidayar rabin awa a gonakinsu kowane Fabrairu tun 2014. Wanda ba ka tabbatar da shi ba, kada ka sa masa suna. In kuma ka ga nau'in da masu tarko ke nema, ko sheƙar wanda ba a cika gani ba, kada ka wallafa takamaiman wurin.

Gonata ƙarama ce, ba ni da kuɗin kashewa. Da me zan fara?

Da abin da za ka daina, domin shi ba ya cin ko sisi. Kada a sare ko a datse shinge lokacin sheƙa. A Ingila doka ce ma, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta, kowane yanki kuma da nasa watannin. Bar taku biyu ko uku a gefen gona ba feshi. Bar kara a wani sashe bayan girbi. In za ka yanki ciyawar dabbobi da inji, fara daga tsakiya ka nufi gefe, don 'yan tsaki su gudu zuwa shinge. Wanda ya fara daga gefe yana zagayawa ciki, tara su yake yi a tsibirin ƙarshe inda wuƙa za ta same su. Kwamin shan ruwan dabbobi kuma a jingina katako ko reshe a ciki, domin mujiya da ƙananan tsuntsaye kan faɗa su kasa fita. Kafin ka canza komai, ka sa wani ya ƙirga maka tsuntsayen gonar sau biyu ko uku, don ka sami abin da za ka gwada da shi nan da shekara uku.